Kurkukun da Ake Biya a Shiga

A birnin Budapest na ƙasar Hungari, inda aka buɗe gidan wasan ParaPark a 2011, an shahara da ɗakin kuɓuta, wato wani ɗaki, galibi a ƙarƙashin ƙasa, da ake kulle baƙi a ciki, a rage haske, a saki kukan ƙyaure da numfashin wanda ba a gani, sannan a ba su minti 60 su warware ƙulle-ƙulle su gano mabuɗi. Matafiyin da ya sha wahalar neman biza domin ya sha iskar Turai, shi ke biyan kuɗin wannan ɗauri da hannunsa. Idan lokaci ya cika bai kuɓuta ba, ma'aikaci yakan buɗe masa cikin ladabi, ya ɗauke shi hoto, ba tare da an yi maganar beli ba.