Yadda Ake Hawan Patiyos da Keke Ba Tare da Girma Ya Faɗi Ba

In Allah ya kai ka Bogota, babban birnin Kolombiya, wani ya dafa kafaɗarka ya ce gobe da sassafe za a hau Patiyos, amsa mafi lafiya ita ce ka ce kana da baƙi. In kuwa bakinka ya riga hankalinka, ka ce "to", sai ka gyara zama mu yi shawara. Kaiwa sama dai za ka kai, ko da rarrafe. Abin da ake nema shi ne ka isa da sauran mutunci a jikinka.

Patiyos hanyar kwalta ce da ta tashi daga gabashin birnin, ta nannaɗe tsauni ta nufi garin La Kalera. Hawan bai wuce kilomita 6 da 'yan kai ba, kuma duk mita 100 da ka tura gaba, ka ɗaga sama kamar mita 6. A baki kam abin wasa ne. Tsiyar tana wurin da ake fara lissafin. Bogota kanta tana zaune mita 2,600 sama da teku, wato mai sayar da jarida a bakin titinta ya fi wanda ya hau ƙololuwar Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya mai mita 2,419, kusa da gajimare. Daga nan za ka ɗora, ka ƙare a wajen mita 3,000. Duk numfashin da ka ja a can, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na oksijin da ake samu a bakin teku babu shi. Huhunka zai yi ta kawo ƙara, ba alƙalin da zai saurare shi.

Saboda haka ka fara da kasuwa. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana ƙwararru shiga gasa da keken da bai kai kilo 6.8 ba, to kai ma nemi na kabon da ya yi kusa da hakan. Ka zuba kuɗin mota don ka rage kilo biyu a jikin keke, shi kuwa tumbi, da ya ajiye goma, kada ka tayar masa da hankali. Ka haɗa da riga mai matse jiki, wando mai soso a mazauni, da tabarau mai rufe rabin fuska. Hular kwano ce kaɗai a cikinsu ba wasa nake yi da ita ba. Sauran kuwa suna da amfani guda: duk wanda ya wuce ka zai ji daɗinsa ninki biyu.

Don wallahi za a wuce ka. Wajen kwana ta uku za ka ji ƙiƙi-ƙiƙi a bayanka, sarƙar da ta manta rabonta da mai. Kafin ka waiga, wani dattijo mai farin gashin baki ya jero da kai a kan keken ƙarfe da ya girme ka, 'yar rediyo ɗaure da roba a kan keken, wandonsa cushe cikin safa. Zai gaishe ka da cikakkiyar murya, ba haki ba gumi, ya ɗan dubi kekenka da girmamawa, ya yi gaba. Bayansa mata biyu za su zo suna hirar wata da ba ta nan, kuma hawan ba zai katse musu ko jimla ɗaya ba. Sai yaro ɗan shekara goma sha biyu, a tsaye kan feda.

Kada ka ɗauka da zafi. Mutanen nan a tudu aka yanke musu cibiya, kuma jinin wanda ya tashi a irin wannan tsayi ya saba ɗaukar oksijin fiye da na ɗan kwari. Nairo Quintana, wanda ya ci gasar Italiya a 2014 da ta Sifen a 2016, yana yaro a lardin Boyaka da keke yake zuwa makaranta, kilomita 16 gangara da safe, ya hauro su da yamma. Lucho Herrera ya ci ta Sifen tun 1987. Egan Bernal, ɗan Zipakira da ke arewa da Bogota, yana da shekara 22 ya cinye babbar gasar Faransa a 2019. Ƙasa ce da hawan tsauni da keke ya zama gado, kai kuma shekaranjiya ka sauka daga jirgi.

Ga dabarun rufin asiri. In an gaishe ka, kada ka kuskura ka amsa da baki, don abin da zai fito ba magana ba ce. Ɗaga yatsa ɗaya ya isa, har ma za a ɗauka ƙasaita ce. In ka ji wani yana matsowa, rufe baki, saki fuska, riƙe numfashin har ya wuce, sannan ka biya bashin da riba. Giya kuwa, tun daga ƙasa ka sa mafi sauƙi, ƙafa ta yi ta juyawa sannu a hankali. Wannan ita ce shawarar da ƙwararru ma za su ba ka, sai dai ba wanda ke jin ta a kilomitar farko. Can gaba za ka sami yatsanka yana ta danna abin canja giya, yana neman wata da masu ƙera keken ba su sa ba. In hakan ta faru, ka sunkuya ka harari sarƙa kana girgiza kai, kowa ya shaida laifin na'ura ne.

Ba a tsayawa don gajiya a Patiyos, hoto ake tsayawa ɗauka. Allah ya taimake ka, akwai abin ɗaukar: birni mai mutum kusan miliyan 8 shimfiɗe a ƙasanka, jajayen gine-ginen bulo har iyakar ganinka. Hoto na farko halal ne. Na biyu ma za a yi maka uzuri. Daga na uku kowa ya gane, musamman in wayar a juye take a hannunka.

Wasu za su ce ka maƙale a bayan tayar wani ya tare maka iska. A miƙaƙƙiyar hanya dabara ce ta gaske, amma a gudun da kake yi yanzu babu iskar da za a tare, in ba warin guminsa kake so ba.

Sai batun Strava, manhajar da masu keke ke rubuta tafiyarsu a ciki. Patiyos na cikin hawan da aka fi rubutawa a duniya, don haka da ka kai sama waya za ta gaya maka matsayinka a cikin dubban mutane, ba tare da ta sakaya ba. Ƙwararru ba sa kai minti 20. Kai dai ka sa wa tafiyar suna "ɗan motsa jini", ko ka ce batir ya mutu.

Alamar ka iso ita ce shingen karɓar kuɗin hanya da rumfunan abinci a gefensa. Nan ake cin ribar wahala. Nemi aguwafanela, wato mazarƙwaila da aka narka a ruwan zafi, a ba ka da yankan cuku ka jefa ciki ya yi laushi. Ka haɗa da wainar masara da suke kira arefa, da bokadiyo, alewar gwaiba mai kauri naɗe cikin busasshen ganye, wadda masu keken ƙasar ke cusawa a aljihun riga. Ka ci a tsaye, jingine da keke, don in ka zauna tashi sai an kama ka. Dole wani zai matso ya ce ai Patiyos share fage ne, sai ka hau Letras, mai kilomita kusan 80 na hawa. Ka gyaɗa kai ka ce kana duba kalanda.

A gangara ka ajiye raha. Rigarka ta jiƙe, iskar saman nan sanyi gare ta, ga yayyafi da ke zuwa ba sallama, don haka sa rigar iska kafin ka juya. Matsa birki biyun tare kafin ka shiga kwana, ba a tsakiyarta ba, kuma idonka na kan hanya, don motoci da bas-bas ma ita suke bi. Bernal da kansa, a watan Janairun 2022, yana atisaye a wata hanya arewa da Bogota ya afka wa bas da ke tsaye, ya karya ƙashin cinya da na baya, da ƙyar ya sha. Kai da ba ka da likitocin ƙungiya, bar masu sauri su yi saurinsu.

In ranar Lahadi ce, za ka sauko ka tarar da Siklobiya, al'adar da birnin ya fara tun 1974: daga 7 na safe zuwa 2 na rana ana hana motoci bin tituna sama da kilomita 120, a bar wa masu keke, masu gudu da masu jan karnuka. Nan ne damarka ta ƙarshe ta wuce wani a yau. Zaɓi yaro ƙarami mai ƙananan tayoyin tallafi a gefen kekensa, ka taka da ƙarfi. Amma ka fara dubawa ko kakarsa na biye da shi a kan nata keken.