Kafin ka sallami Windows, tambayi wasanka

Ni dai ban ga laifin wanda ya sayi na'urar wasa ta hannu ROG Ally, ya zauna da Windows 11 na ɗan lokaci, sannan ya fara neman yadda zai sallame ta ba. An gina ta ne don tebur da linzami da madannai, aka zo aka cusa ta cikin allo mai inci 7. Sai ka ga magidanci da gemunsa ya ƙanƙance ido yana farautar ɗan maɓallin rufe shafi da farcen ƙaramin yatsa. Ya sa na'urar barci ya jefa a jaka, ya ciro ta da zafi, batir ya mutu, ashe ita ba ta runtsa ba.

Kamfanin Valve ne ya tona asirin a 2022 da Steam Deck, wadda ke tafiya da SteamOS, 'yar Arch Linux, tana kunna wasannin Windows ta hanyar Proton. Ka danna maɓalli ta kwanta, ka sake dannawa ta tashi daidai inda ka tsaya. Da Lenovo ya fitar da Legion Go S iri biyu a 2025, mai Windows da mai SteamOS, masu gwaji suka iske na'ura ɗaya ce, amma mai SteamOS ta fi gudu a yawancin wasanni. Wanda tasa na'urar ba ta samu cikakken tallafin Valve ba kuma ga Bazzite, wadda aka ɗora kan Fedora Linux.

To, a nan gwani ke faɗawa rami. Ya kwana yana saukar da manhaja, ya goge Windows kaf, ya yi wa abokai shelar ya 'yantu. Da safe ya nemi buga ƙwallo a EA Sports FC, wasa ya ce bai san shi ba. Fortnite haka, Valorant haka, domin manhajojinsu na kama masu maguɗi ba sa yarda da Linux. Apex Legends ma da ke aiki a da, a 2024 aka rufe ƙofar. Wasannin Game Pass kuwa sai dai ta intanet. Ya saki reshe ya kama ganye ke nan.

Za a ce a ajiye Windows da Linux duka biyun mana. Ana yi, amma gigabait 512 in aka raba wa kishiyoyi, wasa uku manya sun cinye rabon kowacce, ga Windows da halin yin sabuntawa ta ture abokiyar zamanta daga farkon layin kunnawa. Za a kuma ce Microsoft ta fara gyara da ROG Xbox Ally a Oktoban 2025. Ta fara, amma ƙarƙashin sabuwar rigar Windows ɗin ce dai.

Saboda haka, malam, rubuta wasanni biyar da ka fi bugawa, ka duba a shafin ProtonDB ko suna aiki a Linux. In duk suna aiki, sallami Windows ba da-na-sani. In ƙwallo ce rayuwarka, yi haƙuri ka ci gaba da farauta da farce.