Yadda Za Ka Hana Motarka Cin Taya Tsakanin Uke Da Abuja

Wannan shawara ta waɗanda suka riga suka ji a jikinsu ce. In motarka ba ta taɓa faɗa wa rami har ka ji a haƙoranka ba, wuce abinka. Da mu nake, mu da muke sallame asuba a Uke mu kama hanyar Abuja, albashinmu yana Babban Birnin Tarayya, gidajenmu suna ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, ƙafar mota kuma ita ke biyan bashin tsakani. Kwanan nan na zuba sababbin shokazoba da sifirin, aka ƙara robar da ke ɗaga mota don cikinta ya daina gugar tudun rage gudu. Zafin kuɗin bai huce ba sai ga cikin tayoyin gaba ya suɗe har waya ta leƙo, wajensu kuwa sabo fil. Saboda haka ba zan tsaya koya maka sa jak ba. Ka iya, na sani.

Na ɗaya: duk ranar da aka kwance ƙafar mota, alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi, ya wajaba. Makanikin ƙafa zai goge hannu ya ce, "Alhaji, yadda na cire haka na mayar." Ba ƙarya yake ba, amma mota ba ta san da wannan ba. Tsayinta ya canza, tsayuwar taya kuma tana bin tsayin mota. Wadda aka sauke ƙasa, kan tayoyinta yakan karkata ciki. Wadda aka ɗaga, irin tamu, sai awon duka ya gusa, har inda tayoyin suke kallo.

Na biyu: riƙe abubuwa uku don kada a yi maka Turanci a sallame ka. Kamba shi ne karkatar taya in ka tsaya a gaban mota ka dube ta. In kanta ya shige ciki da yawa, motar ta zama mai gwame, kuma kowa ya san takalmin mai gwame gefe ɗaya yake cinyewa. In kamban hagu da na dama ba su zo ɗaya ba, mota takan ja wajen wanda kansa ya fi fita waje. Kasta shi ne ke dawo da sitiyari tsakiya bayan ka sha kwana. Na ukun, towin, wato ko gaban tayoyin ya tsuke ko ya buɗe, shi ne babban ɓarawo. Taya ta kauce da digiri ɗaya kacal, a kowace kilomita ana jan ta a kaikaice kusan mita 17. Yi wannan lissafin daga Uke zuwa Gora, zuwa Auta Balefi, zuwa Masaka, safe da yamma, sannan ka gaya mini wane irin roba ne zai jure.

Na uku: kafin a hau na'ura, a daidaita iska da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ba da bugun ƙafar mai faci ba. A girgiza taya a duba tairod da boljoin da bushin, domin ƙafar da ke rawa ba ta riƙe awo. Notunan bushin kuma a ɗaure su ƙarshe bayan mota ta zauna da nauyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta tsage tun tana sabuwa. Sannan ka ɗan yi tafiya da ita sifirin ya zauna.

Ka ɗan yi tafiya! A ina? Wannan shawara ta mutanen da hanyarsu ke motsi ce. Mu da za mu ratsa Mararaba, me ya haɗa mu da tafiya? Ka baro Ado da kyakkyawar niyya, ka iso inda bas ta tsaya a tsakiyar titi tana lodi, mai Keke ya cusa hanci ta dama, ɗan acaɓa ya goge maka madubi ta hagu ya juyo yana hararar ka. Mai gwanjo ya baje hajarsa a kan kwalta, mai rake yana ƙwanƙwasa maka gilashi, kai da shi har kun saba, yana tambayar ka iyali. Wani kuma ya gaji da layi ya faɗa gefen hanya, inda ruwan sama ya zaizaye bakin kwalta ya bar gaɓa, ya hau da taya ɗaya ya sauka da ɗaya, sai ka ji ƙarar daga nesa ka ce Allah ya jiƙan alaimen ɗinsa. Kana fita Nyanya ka ce alhamdulillahi, sai tudun Kugbo ya karɓe ka, ga tirela a bayanka tana huci. A nan ne mutum yake gane cewa taya mai kyau ba ado ba ce.

Na huɗu: nemi wurin da ke da kwamfuta, ko a garejin Apo ne ko nan kusa. To amma kwamfuta da wuta take aiki. Za a ɗaura wa tayoyinka na'urori huɗu, allo ya kawo, ja ya fara komawa kore, sai ɗif. "Oga, an ɗauke." A tada janareta? Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, janareta ba ya tashi sai an sake ciniki. Sai yaron shago ya ɗauko igiya. Ban raina igiya ba, a hannun gwani tana fitar da towin daidai. Amma igiyar da aka ja a gefen taya ba ta ganin kamba, ba ta ganin kasta, kai kuma awon duka ne ya kawo ka.

Na biyar, ko na shida ne, lissafin ya maƙale a Mararaba. Yawancin motocinmu, irin su Corolla da Camry, ba su zo da wurin murɗa kamba ba. Shokazoban gaba yana kame ne da kusoshi biyu, akwai kuma kusoshi na musamman da ake sauya su da su don a sami ɗan wurin gyara. In an ce maka za a sa wuta a lanƙwasa ƙarfe, ko a daka da guduma, karɓi makullinka ka yi sallama. In awo ya ƙi shiga iyakar da littafin motar ya gindaya, wani abu ne ya lanƙwashe, sai a nemo shi a canza.

Haka wanda zai zare sitiyari ya mayar da shi a miƙe, ya ce maka an gama. Sitiyari ya miƙe, tayoyi suna nan suna kallon Keffi da Abuja a lokaci guda! A tairod ake gyara, hagu da dama. Kuma karkarwar sitiyari in ka ba ta wuta, yawanci aikin balansin ne, kada a caje ka kuɗin wannan a yi maka wancan. Ɗan jan da mota ke yi zuwa dama a hankali kuwa, sau da yawa gangaren titi ne da aka yi don ruwa ya wuce.

Akwai batun tayar gwanjo da lambobi huɗu na jikinta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar ƙira. Na bar shi, domin raina ya riga ya ɓaci.

Ɗan'uwa, abin da ke ci mini rai shi ne cin da ake yi daga ciki ba ya ganuwa. Ka zagaya mota da safe ka ga tayoyi lafiya lau, ka ɗebi yara ka hau titi, alhali gefen da ba ka gani ya kai waya. Da rana tsaka, kwalta ta ɗau zafi, ga gudu, sai ta fashe. A ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma sakaci ma yana da suna. Murɗa sitiyari har ƙarshe, durƙusa, shafa cikin tayar da tafin hannunka. In ka je gareji, ka ce da shi cikin mutunci, "Malam, nuna mini awon kafin gyara da na bayan gyara." In ya nuna, biya shi da daɗin rai, ka turo masa maƙwabta. In ya ce "Oga, ya yi" kawai, to bai yi ba tukuna.