Jama'ar Laburare Ranar Taro

A bangon kowane laburare akwai takardar da ke roƙon a yi shiru, amma ranar taro ita ma hutu take samu. Duk wanda ya taɓa leƙa Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da ke Kano ranar ƙaddamar da littafi, ko ya zauna a zaman marubutan ANA, ƙungiyar da Chinua Achebe ya kafa a 1981, zai gane mutanen nan. A kowane gari ma akwai su, hula ce kawai ta bambanta.

Mai Caji ne ke riga kowa zuwa. Bai san sunan littafin ba, bai kuma tambaya ba. Waya biyu ce a aljihunsa, idonsa na bin bango yana neman soket, kuma inda ya same shi nan ne mazauninsa ko da an rubuta "Manyan Baƙi" a jikin kujerar. Da an ɗauke wuta, ƙaunarsa ga adabi ta ƙare.

Sai Mai Sharhi, malamin jami'a, wanda aka ba minti goma ya faɗi abin da littafin ya ƙunsa. Zai gyara zaman tabarau ya faro daga gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya, ya bi ta kan Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yada zango a Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939. Kafin ya iso adabin kasuwar Kano an kira azahar. Littafin da aka taru dominsa zai samu jimla biyu, ɗaya daga ciki kuwa yabon bango ce.

Babban Mai Ƙaddamarwa shi ne ginshiƙin taro, shi ya sa ba a cika ganinsa ba. Wakili ne zai miƙe, babbar riga ta sha sitati: "Alhaji ya so ƙwarai ya zo da kansa, tafiya ce ta taso masa zuwa Abuja." Daga nan ya sanar cewa Alhaji ya sayi kwafi goma a kan kuɗin da zai sa zauren ya kaure da tafi, marubuci har da share ƙwalla. Litinin na yi sai sintiri. Maigadin gidan Alhaji zai haddace fuskar marubuci, su fara gaisawa har da tambayar iyali, shi kuma mai ɗab'i yana ta doko waya a kan cikon kuɗinsa.

Amma gwarzon zaure shi ne Mai Tsokaci. Ana cewa a yi tambaya hannunsa na sama. Ya karɓi makirufo, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya hura, sannan ya ce, "Ni tawa ba tambaya ba ce, ɗan tsokaci ne." Wanda ya san shi, a nan yake fita shan iska. Zai gai da shugaban taro, uban taro, uwar taro da wakilin Alhaji, kowa da cikakkiyar sarautarsa. Zai ba da labarin firamarensu da irin bulalar hedimasta, ya koka cewa yaran yanzu ba sa karatu sai Facebook da TikTok. Mai gabatarwa ya matso a hankali: "Malam, a taimaka a taƙaita." Shi kuma ya ɗaga masa hannu: "Ina zuwa." Ba ya zuwa. Littafin ma bai buɗe ba, kuma gaskiyar magana, taron da babu shi lami ne.

Kusa da shi akwai Ɗan Ƙa'ida da jan biro, wanda bai ga labari ba sai ƙugiyar da ta faɗi a shafi na 12, da "yake" da aka raba biyu. Akwai kuma Sabon Mawaƙi mai alƙawarin "baiti uku kacal", alhali littafin da ya zaro daga jaka ya cika har bango.

Can baya, masu wurin na ainihi ne: 'yan JAMB da WAEC, sun toshe kunne da yatsu suna fama da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, suna hararar lasifika. Su kaɗai suka zo karatu. Gefensu dattijon nan ɗan fansho ya lulluɓe fuska da Aminiya yana sharar barci, ba abin da ke tashinsa sai tafi, ya taya, ya koma.

Ana rufe taro da addu'a kuma sai ga Ɗan'uwa. Lemo ɗaya ya sha, ɗaya na aljihu. Ya ratsa jama'a, ya riƙe hannun marubuci da hannu biyu: "Kai, Allah Ya ƙara basira! To ina nawa kwafin? Ka sa min hannu, ka ƙaro ɗaya na Hajiya."