Zuwa ga bawana na Ɗanbatta, a kan shekarar da Masu Gida suka faɗi

Malam Bakano, gaisuwa irin ta ubangida da bawansa. Ina gajiya, ya gona, ya iyali, ya jakin gidan? Na sa shi a layin gaisuwa ne saboda an shaida mini cewa a kakar wasa ta 2021/22 shi kaɗai ne a gidanku yake fita waje ya dawo da abin kirki, ko da mangalar taki ce daga birni.

Na ji saƙonka cewa maganar faɗuwar Pillars ta tsufa, a bar ta. A Zariya ba ma barin irin wannan magana, adana ta muke yi.

Zan fara ba ka haƙƙinka, kada a ce Bazazzagi ba ya adalci. Kano Pillars, wato Masu Gida, wadda aka haɗa a 1990 daga WRECA da Golden Stars da Bank of the North, ta ci gasar Najeriya sau huɗu: 2008, sai 2012 da 2013 da 2014 a jere. A 2009 ta yi waje da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, bayan kunnen doki 2–2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Biyar ɗin da Heartland ta zura muku a nan, gida da waje, ba zan tsaya a kansu ba, akwai yara a wurin. Daga 2003 zuwa 2015 kun yi wasa 202 na gasar Najeriya a gida ba a doke ku ba, sai da Nasarawa United ta zo ta karya lagon. Tun lokacin kake tafiya a kasuwar Ɗanbatta kana buɗe hammata, kai ka ce da ƙafarka ɗan wasanku Rabi'u Ali yake buga ƙwallo.

To, sai annobar korona ta zo a 2020, aka mayar da filin Sani Abacha na Ƙofar Mata wurin killace marasa lafiya. Masu Gida suka ɗauki jaka. Ina suka nufa? Filin Ahmadu Bello na Kaduna, ƙasar Zazzau. Muka shimfiɗa tabarma, don bawa ba ya rasa wurin kwana a gidan ubangidansa. Kuma ba baƙon wuri ba ne gare ku: a wannan filin kuka ɗauki Kofin Aiteo a 2019, da bugun fenariti a kan Niger Tornadoes. Har Ahmed Musa da ya dawo muku a 2021, a Kaduna ya riƙa buga wasannin da kuke kira na gida. Muddin kuna hannunmu, lafiya lau kuke, kuna da ladabi.

A Afrilun 2022 aka ce ku koma gida. Lokacin bazara ne, mutanen kirki na sharar gona da kai taki, ga azumin Ramadan a baki. Kai kuwa ka sayar da tiyar wake, ka bar wa yara jaki, ka hau mota zuwa Kano don ganin wasa da Katsina United. Wasa na tafiya canjaras ba ci, sai magoya baya suka ɓarke, suka kutsa fili, aka farfasa motar baƙi. Ka rantse mini ba ka yi jifa ba, kuma na yarda. Hannun da ya girma yana korar tsuntsu daga gonar gero, da ya jefa, da ɓarnar ta fi haka. Amma ku ne kuke cewa duk abin da mutum ya zo da shi Kano an fi shi, ranar nan kuwa kun nuna har da tsakuwa.

Hukunci ya biyo baya: aka zaftare maki 3, aka ci tarar naira miliyan 9, aka ce ku tattara ku koma Abuja. Nan ne dariya ta kusa kayar da ni. Ka san asalin sunan? Abu Ja, ɗan gidan sarautar Zazzau, wanda ya kafa garinsa a 1828, garin da yau ake kira Suleja bayan babban birnin tarayya ya karɓi sunan. Wato an kore ku daga Kano, kun sake faɗowa hannun Zagezagi. Malam Bakano, wannan ba ƙaddara ce kawai ba, asali ne yake kiran mai shi.

Ana cikin jinyar wannan, a watan Yuni, a wasa da Dakkada, sai shugaban ƙungiyar da kansa ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu, aka sake jawo wani hukuncin. Ya zuwa Yuli, ana tsakiyar noma, Rivers United ta ɗauki kofi, Pillars ta gangara ƙaramar gasa tare da Katsina United da Heartland da MFM.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne daga mutane irinku wannan ya fito. Ku da gonarku ba ta san hutu ba, shekara da shekaru kuna fitar da gero da dawa da wake da gyaɗa daga fili ɗaya ɗan mitsitsi, ba ku yarda ko kashin akuya ya tafi a banza, har masana daga Turai suke zuwa nazarin yadda kuke yi. Amma da aka zo kan maki, sai kuka yi kamar manomin da ya kai taki, ya yi shuka, ya yi noman farko da maimai, sannan ya kwance awakinsa ya kora su cikin gonar da hannunsa. Kada ka ƙara ce mini alƙalan wasa ne suka ci amanarku. Wannan faɗuwa ta gida ce.

Da a Amurka kuke da kun huta. A gasar NFL, ta ƙwallonsu da ake runguma a gudu da ita, ƙungiyoyi 32 ne kuma ba a korar kowa. Cleveland Browns ta sha kashi a duk wasanninta 16 a 2017, sakamakonta shi ne aka ba ta zaɓin farko cikin sababbin 'yan wasa. Na san Bakano da lissafi: da an kawo tsarin nan, da gangan za ku riƙa faɗuwa don ribar.

Na san abin da za ka ce: ina taku ƙungiyar? Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1988, Kaduna United ta ci kofin ƙalubale a 2010. Bayan haka mun zauna muna karatu, muna kuma kula da baƙi irinku, aikin da ba ya barin lokacin guje-guje.

Kun dawo babbar gasa a 2023, ku da Katsinawan da kuka fasa wa mota, tare kuka sauka tare kuka hau. Barka. Idan kaka ta yi, ka aiko da gaisuwar ubangida ta motar Zariya: dami biyu na gero da tiyar wake. In kuma za ka sake shiga Ƙofar Mata kallo, ina roƙon 'yan tashar Ɗanbatta su laluba aljihunka kafin ka hau mota.