Tsohuwar Libarba da Hatsin Bana

Na san tun ban buɗe baki ba wasunku sun taɓe nasu: "Ga ɗan boko zai koya mana bindiga, shi da ko zakara bai taɓa yankawa ba." Na ji. Zancen zakaran ma gaskiya ne, yaron maƙwabta ke yanka mini. Amma ku ƙirga yatsuna, goma ne cif, sannan ku je ku ƙirga na wasu gwanayen farauta da ke cika baki a tashar Dakoro.

Taubashina na Rumbu ne ya jawo maganar. Ku mutanen Rumbu sunan garinku ya bi ku, ba ku yar da komai, sai ajiya. Ya jawo adaka daga ƙarƙashin gado, ya warware wani tsumma mai warin tsohon mai, sai ga libarba mai ɗaki shida, gadon kakansa da ya yi sojan Faransa. A jikinta an zana sunan Saint-Étienne, garin da aka ƙera ta, da lambar samfurinta, 1873. Bai tsaya nan ba, ya juye gwangwanin madara a kan tabarma, harsasai biyar suka gangaro, ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, biyu har sun yi kore. Ya ce, "Duk sun shiga, taubashi, na gwada."

Sun shiga! Ai hannun yaro ma yana shiga ramin maciji.

Wannan tsohuwa don baƙin albarushi aka yi ta, irin na adakar mafarauta da na 'yan bindigar sarki ranar hawan salla. (Allah sarki, yau in ka ce 'yan bindiga a ƙasar Maraɗi, ba su ake tunawa ba.) Baƙin albarushi in ya kama, fiye da rabinsa hayaƙi ne da toka. A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya fito da albarushi marar hayaƙi, wanda kusan dukkansa ke komawa iska mai ƙarfi, a awo ɗaya ya ninka tsohon wajen sau uku. Shi aka ɗura wa bindigar Lebel a 1886. Lokacin da hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine suka ratso ta Birnin Ƙonni suna ƙone-ƙone har zuwa ƙasar Tasawa a 1899, samfurin libarbar taubashina ya riga ya shekara 26 a duniya. Harsashin da ke yawo a yau kuwa kusan duk na sabon albarushi ne. Kun ɗebo tsabar gero ɗanye kun miƙa wa tsohuwar da kunu take sha.

Ga mai gardama can ya ɗaga hannu: "Ƙarfen da ya fi na yanzu." A wajen tukunya da keken ɗinki, na sallama maka. A nan kam a'a. Ƙarfen wancan zamani ya fi na yau taushi, kuma tokar baƙin albarushi tana jan laima, in ba a wanke da wuri ba ta ci bututun ta ciki kamar yadda gara ke cin azara, waje sumul, ciki rami-rami. Bangon da ke tsakanin ɗakin harsashi da sararin Allah siriri ne, hannunka kuma yana nan ƙasa da shi.

"To ai lambar ɗaya ce." Nan ne Turawan da kansu suka sha kunya. Bayan yaƙin duniya na biyu an kwashi tsofaffin libarbobin sojan Ingila ƙirar Webley aka sayar a Amurka. Harsashinsu, mai lamba 455, wuyar samu yake a can, sai 'yan kasuwa suka kankare bayan gangar da ke ɗauke da ɗakunan harsashi don ta karɓi na Amurka mai lamba 45. Ya shiga daram. Sai dai matsinsa ya ɗara na asalin da kusan rabi, kuma gangunan da suka tsage ba kaɗan ba ne. In masu injin awo sun yi wannan ɓarna, ina ga taubashina da ke awo da idon da ko zare bai iya zura wa allura?

Masu tauri, na gan ku kuna murmushi kuna shafa guru. Ban zo jayayya da layarku ba. Tambaya ɗaya ce: wanda ya haɗa muku maganin, ya ce har da ƙarfen da ya fashe a tafin hannunku, ko sai wanda abokin gaba ya aiko? Ku koma ku tambaye shi, ni ina nan.

Su kuma korayen nan biyu, sun fi ba ni tsoro. Tsohon harsashi yakan yi nawa: ka ja kunama, shiru, ka juyo da bakin bindiga ka leƙa, sai ya tuna aikinsa. Wani kuma ya tashi da rabin ƙarfi, dalmar ta maƙale a tsakiyar bututu, na bayansa ya zo ya tarar da hanya a toshe. Na san wani maharbi da hakan ta faru da shi, yanzu da hagu yake ɗaure wando.

Inda ake da masana aikin, sai sun auna faɗin bututu da na kowane ɗaki, sun duba ko gangar na tsayawa saitin bututun, sun karanta hatimin gwaji. Ƙirar Liège ta Beljiyam da aka gwada da sabon albarushi tana ɗauke da zaki a kan haruffan PV, ta Ingila kuma NP. In babu irin wannan, to a ɗauka baƙin albarushi ne abincinta, shi ma sai gwani ya ce lafiyarta ƙalau. Kuma kafin duk wannan akwai takardar izini. Tun 1994 Nijar ke da hukumar tattara makaman da ba su bisa ƙa'ida, jandarma kuwa in ya tare ka a hanyar Maraɗi ba zai nemi tarihin kakanka ba.

Taubashina ya ce bai yarda da shaidar ɗan boko ba, sai mun je wurin Baba maƙeri. Muka je. Baba ya tabbatar ɗakunan shida wayam suke, ya ɗaga ta saitin rana ya kanne ido ɗaya, ya juya gangar ta yi ƙwaras-ƙwaras kamar haƙorin tsoho. Ya daɗe bai ce komai ba.

"Baba, wanne za ta ci a cikin biyar ɗin?"

"Ɗana, mayar da ita tsummanta. Wannan ko lauje ka ce in yi maka da ita, sai na yi ciko."