Kallo Ya Koma Kan 'Yan Kallo

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Faransa ne ya ja ni. Ya ce, "Kawu, ai ba ka koma gida ba ka ga Le Mans ba." Na ce wane ne shi? Ya ce gari ne, tafiyar awa guda daga Faris a jirgin ƙasa mai gudu, kuma tun 1923 ake tseren motoci a bayan garin, na awa 24 cur. Yanzu mota 62 ke shiga, kowace da direba uku suna karɓa-karɓa. A tashi ƙarfe huɗu na yammacin Asabar, a tsaya ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi, wanda ya fi yawan zagaye shi ya ci. Na ce to ina za su? Ya ce babu inda za su, inda suka tashi nan za su dawo. Tun daga nan ya kamata in gane irin mutanen da zan tarar.

Abin da yaron nan ya ɓoye mini shi ne, tseren ba ya ganuwa. Zagaye ɗaya ya kusa kilomita 14, wani sashensa ma titin kowa da kowa ne ake rufewa, ya ratsa daji ya bi ta gefen ƙauyuka. Duk inda ka tsaya, rabonka 'yan daƙiƙu ne: ƙara ta taso, wani abu ja ya gifta, ƙara ta tafi. Sai bayan minti uku da rabi ya sake giftawa. Kafin awa guda na gaba ya cim ma na baya, an cakuɗe, ba ka san wa ke bin wa ba. A shekarar da na je, 2024, mu 329,000 aka ce mun taru muna wannan aiki. Da na ga motoci sun fi ƙarfin idona sai na koma kallon masu kallo, kuma a nan kuɗin tikitina ya fita.

Wanda na fara karo da shi maƙwabcina ne a wurin zama, na sa masa suna Malam Lissafi. Kunnuwansa a toshe da rediyo, yana sauraron sharhin tseren a kan mita 91.2. Waya a hannun hagu tana nuna masa lokacin kowace mota, littafi a cinya cikin leda saboda ruwa, biro biyu a aljihu ko da ɗaya zai ci amana. Lokacin da Zinedine Zidane ya ɗaga tutar Faransa aka saki motoci, ƙasa ta girgiza, mutane suka miƙe suna ihu, shi kuwa kansa a sunkuye yana rubuta ƙarfe nawa. Bawan Allah ya biya jirgi, ya biya tanti, ya biya tikiti, don ya zo ya kalli waya. Ba sai ka tambaye shi ba, zai taɓo ka ya ce mota mai lamba 8 saura zagaye biyu ta shiga shan mai. Abin haushin, zagaye biyu daidai sai ga ta ta shiga. Ya dube ka ya gyaɗa kai kamar shi ya aike ta.

A bayansa akwai dattijo mai hular da rana ta cinye launinta. Wannan ya fi shekara 40 yana zuwa, kuma duk shekara zuwa yake ya tabbatar an ɓata abin. A wurinsa tsere ya mutu tun 1990, ranar da aka sa lanƙwasa biyu a miƙaƙƙen titin Mulsanne don a rage gudu. Da can kusan kilomita 6 ne santal, ba birki ba waiwaye, har a 1988 wata mota mai injin Peugeot ta taka kilomita 405 a awa. "Waɗannan na yanzu," in ji shi, ɗan ƙanwata na fassara mini, "injin wanki ne aka sa wa taya." Kunnensa na hagu ba ya ji, ya ce Mazdar da ta ci a 1991 ce ta ɗauke shi da kukanta, kuma yadda yake faɗa za ka rantse lambar girma aka ba shi. Ina da tabbacin lokacin da yake saurayi akwai wani dattijon a bayansa yana cewa an ɓata tsere tun 1970, da aka hana direbobi tsallaka titi a guje su faɗa mota. Shekara guda kafin nan wani direba, Jacky Ickx, ya ƙi gudun, ya tako a hankali, ya ɗaura bel, ya tashi a na ƙarshe, kuma shi ya ci. Dattijona ya ba ni wannan labarin sau uku kafin magariba. Ban ji baƙunta ba ko kaɗan, don irinsa ne ke zaune a ƙofar gidanmu yana tuna farashin mudun gero zamanin Gowon.

Sai zangon masu tanti, inda Hausa ta yi wa Le Mans adalci da ta ba abu biyu suna ɗaya. Giya iri biyu ce a wurin: wadda direba ke sakawa, da wadda 'yan kallo ke kwankwaɗa, kuma ban san wadda aka fi canzawa da sauri ba. Dubban mutanen Ingila ke tsallako teku tun tsakiyar mako, su kafa unguwa guda. Na ga tantin da ke da firji, da janareto, da kafet, da kujerar falo mai cin mutum uku, da tuta a kan dogon ƙarfe. A tsakiya ga talabijin, sun kewaye ta suna kallon tseren da ake yi a bayan shingensu, ƙarar motar tana riga hoton isowa. Kwalaben da suka shanye sun jera su sun yi dala, suna gadinta kamar dalar gyaɗa. Akwai ɗaya da na wuce shi da azahar ɗin Asabar kwance a kan ciyawa, takalmi ƙafa ɗaya, abokansa sun kafa masa laima a ka. Da na dawo washegari yana nan, an dai juya shi ya fuskanci gabas. In ya koma gida zai ce tseren bana ya fi na bara.

Amma fa suna da kyauta. Ba ka wucewa ba a miƙo maka wani abu ba. Wani ya shafa mini wani dakakken nama a burodi, ya ce shi ne abin alfaharin garin, rillettes. Hannuna ya kai rabin hanya ɗan ƙanwata ya mintsine ni. "Kawu, alade ne." Soyayyen dankali ya riƙe ni kwana biyu.

Akwai kuma wanda ya zo a kalle shi. Rigarsa shuɗiya mai ratsin ruwan lemo, tambarin Gulf a ƙirji, irin launin motar fim ɗin da Steve McQueen ya yi a kan tseren a 1971. Baƙin tabarau ko ana tsuga ruwa. Yana tafiya a hankali, yana cije leɓe, kamar yanzu ya sauko daga mota bayan awa uku yana fafatawa. Na bi shi da ido ran Lahadi har wurin ajiye motoci, ya daɗe yana danna makulli yana neman tasa, can sai wata 'yar ƙurƙura ta amsa, da kujerar jariri a baya. Amininsa shi ne mai kyamara, wanda ke saɓe da madubin hoto kamar taɓarya da ɗan tsani na hawa. Ya nuna mini abin da ya ɗauka: waya, waya, kwalta babu kowa, wutsiyar Porsche, waya.

Manyan baƙi ba su da dogon labari. Suna sama cikin ɗakin gilashi, kati uku-uku a wuya, kofi a hannu, sun ba titi baya.

Magoya baya kuwa kowa da kiwon da ya karɓe shi. Na Ferrari ja ne daga hula har safa, kuma da yake motarsu ta ci a 2023 bayan rabonta da kofin tun 1965, bakinsu ya buɗe, ba mai iya rufe shi. 'Yan Denmak sun cika zango guda da jar tuta mai farin ratsi. Ɗan ƙasarsu Tom Kristensen ya ci tseren sau 9, ba wanda ya kamo shi, saboda haka suna tafiya kamar filin gadonsu ne. Ga masu rawaya da lamba 46, waɗanda suka biyo Valentino Rossi daga tseren babur, ba ruwansu da sauran mota 61. Amma wanda ya tsaya mini a rai wani mutumin Japan ne, shi kaɗai, da 'yar tutar Toyota da ba ta fi tafin hannu ba. Ba ya ihu. In motarsu ta wuce sai ya ɗaga tutar, ya sauke. Ko suna gaba ba ya murmushi. Malam Lissafi ne ya warware mini: a 2016 Toyota na gaba, saura minti uku da 'yan kai a tashi, bayan awa 23 da ɗoriya, motar ta mutu a gaban jama'a, Porsche ta wuce ta ɗauke kofin. Daga baya sun ci sau biyar a jere, 2018 zuwa 2022, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Akwai wani iri da ban so zama kusa da shi ba. Yana maƙale a kwanar da ake kira Indianapolis, waya a ɗage, ba ya ɗaukar motar da ta wuce lafiya. In taya ta yi ƙara sai idonsa ya yi haske, in direba ya gyara sai ya yi tsaki. A filin nan ne a 1955 wata Mercedes ta tashi ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum sama da 80 suka mutu. Na matsa na bar masa wurin.

Wadda ta fi burge ni matar da aka jawo ce. Kallo ɗaya za ka san alkawarin Faris aka yi mata, aka sauke ta a gona. Ran Asabar tana zaune a kujerar naɗi da littafi, audugar kunne a toshe, mijin yana yi mata bayanin rukunin motoci uku da ke tsere a lokaci guda, tana cewa "uhm". Can ta zaɓi wata Lamborghini ruwan hoda saboda launi kawai. Da aka gaya mata mata uku ne ke tuƙa ta, sai ta rufe littafin. Kafin tsakar dare ta karɓe rediyon mijin. Da asuba na gan ta cikin rigar ruwa tana faɗa da Malam Lissafi a kan tayar da ya kamata a saka, mijin kuwa yana gefe a naɗe cikin bargo, baki buɗe.

Wannan ya kawo mu ga jama'a mafi yawa, masu rantsuwar ba za su runtsa ba. Da la'asar kowa jarumi ne. Ni ma na bugi ƙirji, na ce mutumin da ya saba tahajjud a goman ƙarshe, dare ɗaya me zai yi masa? A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe goma, ka yi magariba lokacin da a gida an rufe ƙofa. Kuma gaskiya dare ne kyawun abin. Fitilu na keta daji, in direba ya taka birki ka hango faifan cikin taya ya yi jajir kamar ƙarfe a maƙera, wani ƙaton lilo mai juyawa yana ta walƙiya a sama. Sai ruwa ya sauko, irin mai sanyin da ke shiga ƙashi. Can cikin dare aka fito da motar da ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu, motocin biliyoyi suka jeru a bayanta suna tafiya kamar masu rakiyar amarya, sama da awa huɗu. Jarumai suka fara zubewa: a ƙarƙashin benci, a bakin banɗaki, a jikin motar mai sayar da dankali. Waɗanda suka rage a tsaye su ne masu kaya ruwan lemo da ke gadin titi da tutoci, 'yan sa-kai da ba a biyansu, su kaɗai ne a duk filin aikinsu ya hana su kallon wani abu ban da motoci. Ni dai na tuna ina gaya wa ɗan ƙanwata cewa idona kawai zan huta. Shi ya tashe ni. "Kawu, gari ya waye, za mu rasa Idi."

Don a shekarar Babbar Sallah ta faɗo ran Lahadin tseren, 16 ga Yuni. Muka hau taragon cikin gari da taɓo har gwiwa, muka yi salla, muka gaisa da 'yan Mali da 'yan Maroko, muka sha shayi, muka dawo. Na tambayi Malam Lissafi me na rasa. Ya buɗe shafi huɗu zai karanta mini. Na dubi titi: wani abu ja ya gifta.

Saura kamar awa biyu a tashi, ƙofar Ferrari mai lamba 50, wadda ke gaba, ta ƙi rufuwa, tana ta faɗi-tashi, aka tilasta wa direban, Nicklas Nielsen, ya shiga a gyara. Jajaye suka ɗora hannu a ka, 'yan Denmak ma haka, don yaron nasu ne. Toyota na biye. A daidai wannan lokacin ne wani iri na ƙarshe ya bayyana: mutumin da ya naɗe kujerarsa, ya tattara 'ya'yansa, ya ce gara su fita kafin cunkoso. Awa 22 ya yi cikin ruwa da taɓo, ya tafi ya ji sakamako a rediyon mota. Nielsen ya lallaɓa da ɗan man da ya rage, ya riga Toyota da daƙiƙa 14. Mutumin Japan ya naɗe 'yar tutarsa a hankali, ya sa a aljihu, ya ɗan rusuna wa titi.

Ana tsakiyar wannan hayaniya wayata ta yi ƙara, Hajiyarmu ce daga gida. Na toshe kunne ɗaya na yi mata barka da salla. Ta ce an yanka ragon, an ajiye mini kaso, sannan ta yi shiru tana saurare.

"Kai kuwa ranar salla me ya kai ka gidan niƙa?"